Inda Rubutun Mansura Ke Yankewa

Ranar da abin ya fara faruwa, Mansura kanta ta zarga. Tun hantsi take zaune a inuwar darbejiyar tsakar gidansu a Gumel, ta duƙufa a kan waya har wuyanta ya ƙage. Da la'asar ta rufe manhajar da take aiki a ciki, ta je ta yi salla, ta dawo ta buɗe, sai ta tarar rabin aikin ya yi ɓatan dabo. Rubutun ya taho tiryan-tiryan, ya kai tsakiyar wani layi, ya tsaya cak. Ta ce wataƙila ita ce ta goge ba ta sani ba, don fuskar wayar ƙarama ce, yatsu kuwa ba ruwansu da ƙanƙantar wuri. Ta ja tsaki ta sake rubutawa.

Mansura malamar lissafi ce a wata firamare, amma lokacin ana hutu, bazara ta kankama. Abin da take rubutawa shi ne kod, wato jerin umarnin da ake tsara wa na'ura ta bi. Ba ta da kwamfuta. Wata manhaja ce ta kyauta take da ita a waya, wadda ake rubuta kod a cikinta, kuma duk abin da ta iya da manyan yatsunta biyu ta koye shi a nan. Sai ga wata cibiyar horaswa a Dutse ta ce za ta ɗauki mutane kaɗan ta koya musu aikin sosai, har da ba kowa kwamfutar tafi-da-gidanka. Sharaɗin ɗaya ne, mutum ya turo abin da ya haɗa da hannunsa, mai aiki, kafin magaribar Alhamis ɗin ƙarshen hutu.

Ita shafi ta zaɓi ta yi, wanda zai ɗauko hasashen ruwan sama daga intanet ya faɗe shi da Hausa, gari-gari, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta gaji da ganin masu gero da riɗi suna bin ruwan farko su yi shuka, sama ta ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. Wannan ne dalilin da take faɗa wa mutane, kuma gaskiya ne. Amma akwai wanda ba ta faɗa. Tana son kwamfutar nan, so mai tsanani, har takan ji kunyar kanta idan ta tuna yadda take kwatanta nauyinta a cinya.

Gidan nasu ba hayaniya. Daga ita sai mahaifiyarta, Inna Sabuwa, sai mahaifinta Malam Barau, dillalin dabbobi, wanda ba ya yini a gida. Yau yana Gagarawa, gobe Sule Tankarkar, ranar Alhamis kuwa ko ana ha-maza-ha-mata sai ya ci kasuwar Maigatari. Yana da 'yar waya mai madannai da tocila, an ɗaure bayanta da roba, amma ba ya kira da ita. A ganinsa doguwar magana a waya ta wanda matsala ta samu ce. Mai lafiya filashin ya ishe shi, ya kira ya katse, a san yana nan. Inna kuwa ba ta riƙe waya, ta ce abin da zai riƙa kuka a cikin zaninta ba da ita ba. Saboda haka wayar Mansura yake wa filashin idan ya isa inda za shi, ya kuma yi idan ya taso, ita kuma ta ɗaga murya ta ce, "Inna, Baba ya isa." Inna ta ce, "Madalla." Shekaru ana haka, har Mansura ta kai tana faɗa ba tare da ta san ta faɗa ba.

Da aikin ya sake ɓacewa karo na biyu da na uku, sai zargi ya tashi daga kanta ya koma kan duk abin da ke kusa. Ta fara da zafi. Wayar takan ɗau zafi har ta gagara riƙewa, don haka ta riƙa ɗora ta a kan murfin randa tana hutawa, Inna tana kallo tana cewa yanzu kuma waya ce ke jin ƙishirwa. Bai hana ba. Ta koma kan Abdulbaqi mai cajin waya na bakin layi, ta yi masa tambayoyi kamar 'yar sanda, bawan Allah ya rantse ko buɗe wayarta bai taɓa yi ba, kuma da ganin fuskarsa ka san ko ya buɗe ba zai gane komai ba. Sai ta ce ko wayar ce ta cika. Ta goge hotunan bikin ƙawarta Naja'atu kaf, har da na kamu, abin da Naja'atu ba ta yafe ba har yau. Washegari aikin ya sake yankewa a tsakiyar layi.

Abin mamaki, haushin bai daɗe ba sai son sani ya danne shi. Mansura irin mutanen nan ne da idan agogo ya tsaya ba sa kai shi wurin gyara sai sun buɗe bayansa sun leƙa. Me ya sa wata rana lafiya lau, wata rana a yanke? Me ya sa ba a goge duka, sai daga wani wuri zuwa ƙasa? Tana tankaɗe tana tunani, tana alwala tana tunani.

A cikin manhajar akwai wurin kai ƙorafi. Ta shiga ta ga ashe ba wani babban kamfani ba ne, mutum ɗaya ne ya yi ta, a wata ƙasa mai nisa, kuma maimakon hotonsa hoton mage ya sa. Nan take ta raɗa masa Mai Mage. Da Turancinta na makaranta ta rubuta masa cewa manhajarsa tana cinye mata aiki, ya ji tsoron Allah. Ta duba, ta goge rabin ƙarshen, ta tura.

Ba ta zaci amsa ba, amma da safe ta same ta. Mai Mage ya ba ta haƙuri, sannan ya jero tambayoyi. Wace irin waya ce? Me take yi kafin abin ya faru? Yana faruwa kullum ne ko jefi-jefi? A ƙarshe ya ce ya gwada a wayoyinsa bai ga komai ba, kuma tangarɗar da ba zai iya sa ta faru a gabansa ba, ba zai iya gyara ta ba. Idan ta gano yadda ake tsokano ta da gangan, ta gaya masa.

Wannan magana ta zauna mata. Ashe kai ƙorafi ma aiki ne. Ba a cewa abu ya lalace a yi shiru, sai an kamo shi da hannu an nuna.

Ta fara lura, sai ta ga ranar Alhamis abin ya fi ƙamari. Ta yi murna, ta haɗa bayani mai kyau, ta rubuta wa Mai Mage cewa ranar Alhamis kasuwar dabbobi ke ci a kusa da su, a bakin iyaka, mutane daga ƙasashe biyu suna cika wurin kowa da waya a kunne, sabis yakan yi nauyi, ƙila shi ne. Ya amsa cewa bai taɓa samun rahoton da kasuwar shanu ta shigo ciki ba, kuma ya ji daɗinsa. Amma ya katse sabis ɗin wayarsa, ya rage masa ƙarfi, ya yi duk abin da zai yi, rubutu bai ɓace ba. Sai ya ba ta wata shawara. Ya ce ta daina kallon abin da ya ɓace, ta kalli inda ya yanke, ta tuna abin da ke faruwa a kusa da ita daidai lokacin da take rubuta wannan wurin.

Hutu yana ta guduwa. Wurin da ke ɗauko hasashen kowane gari ta rubuta shi ta sake rubutawa har ta haddace shi kamar karatun allo, amma shafin bai kai rabi ba. Ta koyi kwafe aikin tana tura wa kanta a saƙo, sai dai idan aiki ya yi daɗi mantawa take yi, kuma daidai nan ake yi mata yankan.

Ranar Talatar makon ƙarshe ta buɗe fayil ɗin bayan azahar, ta ga an sake. Wannan karon ba ta ja tsaki ba. Ta sa ido a kan layin ƙarshe. Sunan gari take rubutawa, an yanke shi a tsaka, “Sule Tan”, sauran babu. Ta rufe ido. Tana zaune a nan, kaza ta hau tabarma ta kore ta da ƙafa, Inna tana gyaran zogale a ƙofar madafa. Ta fara rubuta sunan garin, har ta yi murmushi don Baba can ya tafi yau. Sai ta ɗaga kai ta ce…

Ta buɗe ido a hankali. Ta ce, "Inna, ɗazu da na ce miki Baba ya isa, me nake yi?"

"Me kike yi kuwa ban da latse-latsenki?"

Sai ta shiga lissafi. Ranar Alhamis Baba ya fi yin filashin, idan ya isa Maigatari, idan ya tsallaka wajen abokan cinikinsa na Nijar, idan ya dawo, idan ya taso. Kuma rubutun ba ya ɓacewa a kan idonta, yana nan a fuskar waya tana ta ƙarawa, ashe tun daga lokacin manhajar ta daina adanawa. Sai ta rufe ta buɗe take ganin ɓarnar, lokacin ta manta da wani filashin.

Ta yafa mayafi ta tafi gidan su Naja'atu. Ta buɗe sabon fayil na gwaji, ta ce, "Yi mini filashin."

"Ina zaune a gabanki?"

"Ke dai yi."

Naja'atu ta kira, wayar ta yi ƙara, ta katse. Mansura ta ƙara rubutu, ta rufe, ta buɗe. Komai yana nan. Suka sake, suka kuma sakewa, ko wasali bai ɓace ba. Ta rubuta wa Mai Mage, ya ce shi ma ya sa an kira shi an katse, lafiya lau. Naja'atu ta ce, "To malama, an goge hotunan bikina a banza, yanzu kuma an ƙarar mini da caji a banza." Mansura ta dawo gida jikinta a sanyaye.

Bayan magariba Malam Barau ya dawo, ya ci tuwo, ya miƙe ƙafa a tabarma yana sakace. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Mansura, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Ya ce, "Uwata, yau ba ki da magana."

Ta dube shi, ta dubi aljihunsa inda 'yar wayar take. Ta ce, "Baba, don Allah yi mini filashin in gani."

"Ga ni ga ki?"

"Wani abu nake son dubawa."

Ya yi dariya ya zaro wayar. Ita kuma ta sa masa ido, don duk shekarun nan ba ta taɓa ganin yadda yake yi ba, sakamakon kawai take gani. Ya danna, ya kai wayar kunne, babban yatsansa yana kwance a kan jan madanni. Ya ɗan karkata kai yana saurare. Kafin ƙarar farko ta gama fitowa ya latse. A hannun Mansura wayar ko motsi ba ta yi ba. Fuskarta ta ɗan dushe ta dawo, kamar ƙiftawar ido, sai 'yar alamar kiran da ba a ɗauka ba ta fito a sama. Filashin Naja'atu kusa da wannan ai doguwar gaisuwa ce.

Ta ƙara layi biyu, ta rufe, ta buɗe. Babu su.

Ta miƙe tsaye tana dariya. "Baba, kai ne! Wallahi kai ne. Duk aikin nan da ke ɓacewa, filashinka ne yake cinye shi."

Ta shiga yi musu bayani da sauri, yadda kira ke sa manhajar ta fara adana rubutu, yadda katsewar ke zuwa kafin ta gama, sai ta rikice ta daina adanawa gaba ɗaya. Ta aika aka karɓo wayar Naja'atu, ta sa Baba ya sake yi tana ɗaukar bidiyo, yatsansa a gefe, fuskar wayarta a gefe. Ya yi mata duk yadda ta ce. Murna ta rufe mata ido, ba ta ga ya daina dariya ba, ba ta ga yadda ya juya 'yar wayar a tafin hannunsa yana kallo kafin ya mayar aljihu ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Wato tun farkon hutun nan wahalar da kike sha ni ne." Ta ce, "Ai an gano, Baba, shi ke nan," ta wuce ɗaki tana rubuta rahoto. Mai ilimi idan ya gano abu yakan manta da wanda aka gano abin a kansa, Mansura kuwa ba ta fi sauran ba.

Rahoton ya yi kyau, ita ma ta sani. Ta faɗi yadda za a tsokano tangarɗar daki-daki, ta haɗa da bidiyon. Amsar Mai Mage ta zo da safiyar Laraba. Ya ce ya kalli bidiyon ya fi a ƙirga, ya gwada da hannunsa ya kasa yin saurin dattijon, sai da ya sa na'ura ta kwaikwayi kiran, kuma ga shi abin ya faru a gabansa. Ya gode mata. Sannan ya yi tambayar da ta ba ta dariya. Ya ce yana son ya fahimta, me zai sa mutum ya kira ya katse tun kafin a ji?

Ta daɗe tana tunanin yadda za ta amsa. Abin da ka tashi a cikinsa ya fi komai wuyar bayani. Daga ƙarshe ta rubuta cewa a wurinsu wannan ba kira ba ne, saƙo ne cikakke. Mahaifinta yana bin hanyoyi masu nisa a bayan motar dabbobi, idan ya isa lafiya yakan taɓa wayarta sau ɗaya, ita kuma ta gaya wa mahaifiyarta. Mai Mage ya ce bai taɓa jin irin wannan ba, kuma da ya san ana yi da bai bar wannan ramin a manhajarsa ba. Zai gyara, amma ba zai yi mata alkawarin gamawa kafin gobe ba.

Gobe kuwa ita ce Alhamis. Naja'atu ta ce ta kashe sabis ɗin wayar mana har ta gama. Mansura ta ce ba zai yiwu ba, shafin daga intanet yake ɗauko hasashe, kowane gyara sai ta gwada da data a kunne. Naja'atu ta ce to ta toshe lambar Baba na yini ɗaya. Mansura ta yi mata wani kallo, maganar ta mutu a nan. Ta yanke shawarar duk lokacin da ta ga alamar filashin za ta tsaya ta kwafe komai, ta rufe, ta sake buɗewa. Zai ci lokaci, kuma lokacin ne ba ta da shi.

Ranar Alhamis Malam Barau ya fita bayan asuba. Mansura ta shimfiɗa tabarma ta fara. Aiki ya yi ta tafiya sumul, Gumel ta fito, Gagarawa ta fito, har da ɗan hoton gajimare a gefen kowace. Rabin hankalinta yana saman fuskar wayar tana jiran alamar nan don ta yi maza ta kwafe. Hantsi ya yi, alama ba ta zo ba. Daga Gumel zuwa Maigatari ba wata tafiya ba ce, ko motar ta tsaya ɗaukar awaki a kowane ƙauye ya ci a ce ya isa.

Inna ta leƙo daga madafa. "Bai yi ba?"

"Bai yi ba tukuna. Ƙila sabis ne."

Rana ta take tsaka. Inna ta bar abin da take yi ta zo ta zauna a bakin tabarmar, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora hannu a gwiwa tana kallon wayar da ba ta iya karantawa. Mansura ta rubuta layi, ta goge, ta sake rubuta shi daidai yadda yake. Abin da ta yi makonni tana nema ta samu, waya shiru ba mai katse ta, amma kanta ya ƙi aiki. Hanyar Maigatari ranar kasuwa ta san ta, manyan motoci da babura kowa yana sauri. Ta kira lambarsa, aka ce a kashe take. Tsoro ya kama ta sosai.

Ana kiran azahar aka yi sallama a zaure. Kawu Cindo ne, ƙanin Inna, direban da ke jigila tsakanin Maigatari da Gumel. Ya shigo yana share gumi da hularsa, Inna ta miƙe tun kafin ya gama gaisuwa.

Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, lafiya lau. Malam ne ya tare ni a tasha tun da safe, ya ce in na yi lodin Gumel in biyo in ce muku ya isa. To lodin ne bai cika da wuri ba."

Inna ta ce, "Wayarsa fa?"

"Ya kashe ta ya sa a aljihu. Ya ce yau uwarsa tana da babban aiki, kuma hannunsa ya saba, in wayar tana kunne zai manta ya taɓa ta ya ɓata mata. Na ce Malam, saƙon baka a wannan zamani? Ya ce da can da me ake yi."

Inna ta koma ta zauna, ta ce, "Madalla," muryarta ƙasa-ƙasa. Mansura ta dubi wayar da ke hannunta. Sai yanzu ta ga fuskar Baba ta daren Talata, yadda ya juya wayar a hannunsa. Ta ce masa shi ne, a gaban Inna, tana dariya. Kunya da tausayi suka rufe ta, ta sunkuyar da kai hawaye suka ɗiga a fuskar wayar, ta share da gefen mayafi.

Ta ce, "Kawu, za ka koma?"

"Yanzu ma."

"In ka gan shi ka ce ya kunna wayar bayan la'asar. Ka ce ni na ce."

Daga nan ta zauna ta yi aiki kamar ba ita ba. Tunda ya ba ta yinin, ba za ta zubar da shi ba. Sule Tankarkar ta fito, Maigatari ta ƙi fitowa, ta bi layi-layi ta gano inda ta yi kuskure, ta gyara. Ana cikin haka saƙon Mai Mage ya shigo, ya ce ga gyararriyar manhaja ta gwaji, na'urarsa ta ce ta warke, amma ba zai yarda ba sai an gwada da yatsan da ya gano ciwon. Ba ta taɓa ta ba tukuna. Sai da shafin ya tsaya da ƙafarsa, garuruwa huɗu kowanne da hasashensa, ta tura wa cibiyar, ta ga an rubuta an karɓa. Inuwar darbejiya ta kai bangon gabas lokacin. Ko za su ɗauke ta, wannan sai nan gaba, nata dai ta yi.

Sannan ta sauke gyararriyar manhajar, ta kira Baba. Ya ɗauka a ƙara ta farko, kukan shanu da hayaniyar 'yan kasuwa a bayansa.

"Uwata, lafiya? Kashe, kashe, kar ya goge."

"Na gama, Baba. Na tura."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Baba, maganar da na yi ranar Talata, bakina ne ya yi sauri. Ba kai ka ɓata ba. Manhajar ce ba ta san da irinmu ba."

"To."

"Mai ita ya gyara. Yanzu so nake ka yi mini filashin."

"A'a, ni na bar wannan. Cindo yana nan, yana zuwa Gumel kullum."

"Kawu sai lodi ya cika. Yau Inna ko girkin rana ba ta ɗora ba."

Wani yana yi masa maganar bijimi a gefe, ya ce masa ya dakata. "In ya goge fa?"

"In ya goge mai ita ya sake zama, aikinsa ne. Kuma ya ce ba zai yarda ta gyaru ba sai kai ka gwada. Irin naka nake so, Baba, kar ka sassauta."

Ta ji ɗan sautin dariyarsa ta hanci. "To ai yanzu ma muke shirin tasowa. Kashe."

Ta kashe. Ta buɗe sabon fayil ta fara rubutu, duk abin da ya zo hannunta, idonta a saman fuskar wayar. Inna ta matso har kafaɗarsu tana gogar juna. Aka ɗan jima, har Mansura ta fara tunanin ko ya fasa. Sai fuskar wayar ta dushe ta dawo, 'yar alamar ta fito a sama.

Ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, ta rubuta “Baba ya taso”. Ta rufe manhajar gaba ɗaya, ta yi bisimilla, ta buɗe. Layin yana nan, har ɗigon ƙarshe.

Inna ta ce, "Ya cinye?"

"Bai cinye ba."

"To faɗa mini mana."

Mansura ta dube ta. Inna ta ga alamar da idonta, ta ji duk wayar da aka yi, amma tana zaune tana jira. Mansura ta gyara murya, ta ɗaga ta yadda ta saba, kamar Inna tana can cikin madafa.

"Inna, Baba ya taso."

"Madalla," in ji Inna, ta dafa gwiwa ta miƙe ta je ta hura wuta.